Asabar a wurin masu ɗinkin tattara

Asabar, garin Redin, Ingila

Yayyafin nan nasu ya kwana yana zuba, ga sanyi har cikin ƙashi. Da na idar da sallar asuba bargo kawai nake hange, amma na riga na yi wa maƙwabciyata alkawarin raka ta taron ƙungiyarsu ta masu ɗinkin ado, ita kuwa tsohuwar nan ba ta san zancen "sai wani jiƙon" ba. Goma saura kwata tana bakin ƙofa da jakarta ta zare. Baban yara ya ce in tafi kawai, zai ji da su.

Wani zaure ne da ke jikin coci suke haya, sau ɗaya a wata. Kowa na ajiye 'yan fam a bakin ƙofa, kuɗin zaure da shayi da biskit. Suna da shugaba, da ma'aji, da sakatariya mai rubuta duk abin da aka yi, har da akwatin littattafan zane da ake ara a dawo da su wata mai zuwa. Shugabar ta ce min a da su reshe ne na babbar ƙungiyar masu ɗinkin ado ta ƙasar, wadda aka kafa a 1906. A 2021 kuɗi ya yi wa uwar ƙungiyar ƙaranci, ta saki rassanta, kowa tasa ta fisshe shi. Su dai suka ce ba za su watse ba, suka ci gaba da cin gashin kansu. Na duba zauren kaf, in ka cire ni babu wadda ba ta da furfura.

Darasin yau shi ne ɗinkin da suke kira simokin, wato a yi wa yadi tattara sannan a yi ado a kan tattarar. Duk uwar da ta taɓa sayen rigar 'yar jaririya mai 'yan ninki a ƙirji da zare ja ko shuɗi yana ratsawa ta san shi, ko ba ta san sunansa ba.

Aka miƙo min ƙyallen auduga fari. A bayansa an ɗiga ɗigo-ɗigo a jere, layi bisa layi, tazararsu ɗaya. Aikin farko shi ne ka bi kowane layi da allura, kana tsinto kowane ɗigo, ka bar jelar zaren a ƙarshe. Idan layukan sun cika sai ka haɗa jelolin ka ja a hankali. Nan take yadin ya tsuke, ninki ya miƙe tsaye ɗaya kusa da ɗaya kamar haƙoran mataji. Abin da ya kai tsawon hannuna ya dawo bai fi taƙi ba. Shi ya sa suke cewa ka yanko yadi ninki uku na faɗin da kake so a ƙarshe.

Daga nan sai a juya gaba a fara ainihin aikin. Zaren ado mai sili shida ne, a raba a ɗauki uku. Ba a huda ninkin har ƙasa, ɗan samansa kawai ake kamawa, kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɗinkin farko da aka nuna min mai kama da sarƙa ne: ka kama ninki biyu, zare yana saman allura, ka ci gaba, zare yana ƙasan allura, haka har bakin layi. Akwai mai hawa da sauka, akwai kuma wanda suke kira saƙar zuma, inda ake ɗaure ninki biyu a sama, a zura allura ta ciki a ɗaure biyu a ƙasa, sai ramuka su buɗe. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne miƙewa. Dattijuwar da ke kusa da ni, yatsunta duk sun lanƙwashe da ciwon gaɓɓai, ta riƙe hannuna ta ce kada in matse, in bar zaren ya kwanta da kansa. Ita ko kallon allurar ba ta yi, tana ba wata labarin likitan ƙafarta tana ɗinki.

Abin da ya fi burge ni sai da aka zo ƙarshe. Bayan an turara aikin da tururin dutsen guga, sai a zare zarurrukan farko gaba ɗaya, a zubar. Adon ne kaɗai ya rage yana riƙe da tattarar. Ka ja, ya buɗe. Ka saki, ya koma. Ashe tun asali ba don kwalliya aka ƙirƙiro shi ba. Kafin a samu roba, wannan ce dabarar da ke sa wuyan hannu da ƙirji da bayan riga su kama jiki kuma su bar mutum ya motsa.

Ɗaya daga cikinsu ta zo da 'yar na'ura mai gungumen tagulla masu tsagi da jerin allurai, a tura yadi a murza, tattara ta fito cikin minti kaɗan. Nan fa gardama ta tashi, wasu na cewa mai amfani da ita ya tsallake rabin sana'ar, mai na'urar na cewa idonta ya daina ganin ɗigo, in ba ita ba da tuni ta ajiye allura. Ni dai ina bayan mai na'ura. Tsinto ɗigo wahala ce zalla, gwaninta tana wurin adon, kuma shi har yau da hannu suke yin sa.

Lokacin shayi aka zagayo da wani kwali cike da 'yan riguna, wasu ba su fi tafin hannuna ba. Na jariran da aka haifa bakwaini ne, da waɗanda suka zo babu rai, ana kai wa asibiti kyauta don iyaye su samu abin suturta su. Sun ce ƙungiyar masu wannan ɗinki ta Amurka, wadda aka kafa a 1979, ta daɗe tana da shiri irin wannan. Na ɗaga wata fara mai saƙar zuma a ƙirji, na kasa cewa komai. Sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Bayan an tashi na yi azahar a wani lungu na zauren, maƙwabciyar tawa ta ce ba za mu koma gida ba sai na ga tushen abin. Muka nufi gidan tarihin rayuwar karkara na Jami'ar Redin, wanda aka kafa a 1951, shiga kyauta. Tsakanin tsofaffin amalanke da garmuna ga rigunan manoma da makiyayan tumaki da masu korar dawakin amalanke na ƙarni na 18 da na 19. Maza ne ke sa su, a kan kayansu, har gwiwa. Lilin ne mai kauri, wasu ma da man 'ya'yan lilin ake shafe su don ruwa ya zame. Na tsaya ina nazarin yankan: babu lanƙwasa ko ɗaya, duk ƙyallaye ne masu kusurwa huɗu aka harhaɗa, ba a yi asarar ko yatsa ɗaya na yadi ba, tattarar ce ke ba rigar siffa. Yankan talaka ke nan a ko'ina. A gefen tattarar kuma an zuba ado da zare mai launin yadin, sai ka matso sosai kake ganinsa. Akwai ta aiki, akwai ta zuwa coci ranar Lahadi, akwai ta aure.

Injin ne ya kashe ta. Da injinan gona suka yawaita, riga mai faɗi ta zama haɗari, ga kuma kayan masaƙa masu araha, matasan ƙauye suka fara jin kunyar shigar kakanninsu. Sai masu kuɗin Landan suka tsince ta. Kantin Liberty ya buɗe sashen ɗinkin tufafi a 1884, tattarar makiyayi ta koma kan siliki, daga nan ta gangara kan rigunan yara, inda take har yau. Jikokin gidan sarautar Ingila ma ana ganinsu da ita. Kuma da yawa daga waɗanda ake sayarwa da tsada a kantunan nan, mata ne a Madagaska da Biyetnam ke ɗinka su da hannu.

Bayan magariba na kira Inna a Zariya ta WhatsApp, na nuna mata ƙyallena. Tana zaune da hula a kan gwiwa kamar kullum.

"Ke 'yar nan, nawa za su biya ki?"

Na ce, "Inna, ai ni na biya."

Dariya ta yi har tana tari, ta kira ƙanwata ta zo ta ji, wai a ƙasar Turawa mutum ke ba da kuɗi a bar shi ya yi ɗinki. Ban ga laifinta ba. Ita hular da ke hannunta sati nawa za ta ci tana yi, dillali ya zo ya taya yadda ya ga dama. Matan zauren nan kuwa fansho ke ciyar da su, allura hira ce da maganin kaɗaici. Suna da littafi, suna da gidan tarihi, kowane ɗinki an rubuta shi an zana shi, amma babu yarinya ko ɗaya a gefensu. Mu a Zariya yarinya tana buɗe ido take ganin ana zuba aska takwas a babbar riga, amma zanen yana kan mai zane ne, ran da ya rasu sai dai abin da almajiransa suka riƙe. Akwai ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu a birni da ke ɗauke da sunan Sarauniya Amina, na sha ce wa Inna ta leƙa, tana cewa ita ba ta da lokacin taro.

Ta sa na matso da ƙyallen jikin waya, na ja shi na saki ta gani. Ta yi shiru, sannan ta ce in sake. Sai cewa ta yi wannan zai yi kyau a hannun rigar 'yan mata, ya fi robar nan da ke sakewa bayan wanki kaɗan, in ɗauko mata hoton yadda ake ɗigon. Na yi mata alkawarin bidiyo gobe in rana ta fito, don hasken ɗakin nan ba ya nuna fari a kan fari.

An ba ni aron littafin zane har wata mai zuwa, kuma sakatariya ta rubuta sunana a jerin masu kawo abin shayi. Cincin zan yi musu. Sauran aikin in samo yadi mai ɗigo-ɗigo ko mai gida-gida, sun ce da shi ba sai an zauna auna tazara ba, in gwada wa auta riga kafin sallah.