Baƙin shayi mai ƙamshin lemo: yadda muke haɗa shi da yadda ake gane nagari

Sana'armu a wannan ɗan shago namu na Kano ita ce haɗa baƙin ganyen shayi da ƙamshin lemo, mu zuba a gwangwani da ƙananan fakiti, mu sayar wa gidaje da wuraren cin abinci da wasu masu shayi da suka san darajar abin da suke dafawa. Iri biyu muka fi yi. Na farko shi ne wanda Turawa ke kira Earl Grey, da sunan Charles Grey wanda ya yi firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834, kuma ƙamshinsa daga man ɓawon bagamot yake fitowa, wani lemo mai tsami da ɗaci wanda akasarinsa ake nomawa a gaɓar tekun Kalabiriya da ke kudancin Italiya. Na biyu kuwa namu ne na gida, wanda muke yi da busasshen ɓawon lemun zaƙi da ɗan na lemun tsami.

A hannun kawuna na koyi aikin, kuma na daɗe ina yi masa hidima kafin ya yarda na taɓa ko da ɓawo ɗaya, domin a wurinsa wanda bai san ganye ba bai isa ya ƙara masa komai ba. Shi ya nuna mini cewa ganyen Assam na Indiya mai nauyi ne, yana ba da ruwa mai duhu wanda ke ɗaukar madara, na tsaunukan Sri Lanka kuma ruwansa garau yake, marar nauyi a baki, shi ya sa ya fi kowanne dacewa da lemo. Na Kenya yawanci inji ne ke yanka shi ya murje shi ƙanana, saboda haka nan da nan yake sakin launi ja. Har na tsaunin Mambila a jihar Taraba ya sa na ɗanɗana, don in san abin da ƙasarmu ke fitarwa. Yau a haɗinmu ganyen Sri Lanka ne ginshiƙi, sai mu sa na Kenya kaɗan domin launi.

Aikin ɓawo shi ne inda muke alfahari. Idan hunturu ya shigo, lemun Binuwai ya cika kasuwar 'Yan Lemo, muna zaɓen wanda fatarsa ta yi sheƙi, wanda idan ka karce shi da farce za ka ji ƙamshi ya buge ka. Sai a wanke shi sosai, a feƙe bayan kawai da wuƙa mai kaifi, a bar farin nan na ciki, domin shi ne ke kawo ɗacin da ke ɓata kofi. A inuwa muke shanya shi a kan faifai, mu rufe da yadi marar kauri saboda ƙura, don rana tana kwashe man da ke cikinsa, ta bar maka ɓawo mai kyan gani wanda ba ya ƙamshin komai. Idan ya bushe har yana karyewa ƙas a tsakanin yatsu, sai a gauraya shi da ganye, a rufe ruf na wasu kwanaki kafin a buɗe.

Duk wani haɗi sai mun gwada shi yadda masu ɗanɗanon shayi na duniya suke yi: giram 2 na ganye a mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti 6, a tace a farin kofi, ba sukari ba madara. Da farko ina shinshina jiƙaƙƙen ganyen, sannan in duba ko ruwan ya yi garau ko ya yi duhu-duhu. Bauri kaɗan a harshe alama ce ta ganye mai rai, amma ɗacin da ke maƙalewa a maƙogwaro aibi ne. Abin da nake nema shi ne in fara jin shayin, sannan lemon ya biyo baya. Bayan haka sai in bar kofin ya huce in sake kurɓa, domin a nan ne ƙamshin jabu yake tona kansa, ya koma kamar sabulun wanka.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai masu sayen garin shayin da ya rage a ƙasan buhu, su fesa masa ƙamshin da ake sa wa alewa, su zuba a kwali mai zanen lemo, su sayar a rabin kuɗinmu. Sai mai saye ya zo yana taya namu da farashin wancan, yana rantsuwa cewa duk abu ɗaya ne, har ma wancan ya fi ƙamshi. Tabbas ya fi ƙamshi idan an buɗe kwali, tunda an cika shi ne don a ɓoye tsufan ganyen. Ba na jayayya da irin wannan mutum, sai dai in ɗora ruwa in haɗa masa duka biyun a gabansa. Haka masu kawo man bagamot, wasunsu kan sirka shi, shi ya sa ba na karɓar kwalba sai na ɗiga a farar takarda na jira na ji yadda ƙamshin zai sauya.

Ga wanda ya sayi namu, roƙona shi ne kada ya bar shi yana tafasa a kan wuta kamar shayin citta da kanumfari. A zuba masa tafasasshen ruwa, a rufe minti 3 zuwa 4, a tace. Ana iya sa madara, domin man ɓawo ba ya tsinka ta, amma idan aka matsa ruwan lemun tsami to madara za ta tsinke, launin shayin kuma ya yi haske. A ajiye gwangwanin a rufe, nesa da rana da kayan yaji da turaren wuta, saboda ganyen shayi yana zuƙe duk ƙamshin da ke kusa da shi.