Godiya bayan aikin da aka yi wa 'yata

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi mun dawo gida, jiya kuma sakamakon gwajin tsokar ya fito: ba daji ba ne.

Karo na biyu ke nan da aka yi wa babbar 'yata aiki a mama. Tana shekara 16 ta fara jin ƙullutu mai santsi, ana taɓa shi sai ya zille kamar ɓera. Likitoci suna ce masa faiburo'adinoma. Aka cire, muka ce shi ke nan. Bayan shekara biyu wani ya sake fitowa, ya haura santimita 5, ga kuma maman duka biyu suna ta girma ba ƙaƙƙautawa. Baya ya riƙe, wuya ya riƙe, igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗu, ƙarƙashi kullum a saɓe saboda gumi. Yarinyar da ba ta fashin makaranta ta koma ƙunshe kai a ɗaki cikin zumbulelen hijabi.

Godiyata ta farko ga likitar da ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla. Ita ta ce a shekarunta sikanin ya fi mamogiram, wato hoton mama na X-ray, nuna abu, sannan aka ɗebi tsoka da allura kafin a kai ga wuƙa. Da na tambaye ta batun shayarwa nan gaba ba ta yi min ɓoye-ɓoye ba, ta ce aikin rage girman mama da za a yi mata yana iya rage ruwan nono, ƙullutun ma yana iya dawowa. Na fi son wannan gaskiyar a kan lallashi.

Gwaggo, Allah ya saka miki da Aljanna. Ke kika tare ƙofa ranar da aka kawo wanzami zai yi mata sakiya. Da ma'aikatan jinyar dare, da Kawunta da ya ba da jini, da maƙwabtan da suka riƙe min ƙannenta kwana shida, da malamarta mai aiko da darasi ta waya, duk na gode.

Masu cewa jifa ne, da masu raɗa cewa ciki ne, na yafe, amma na ji.

Yau da asuba ta yi ruku'u ba ta dafa bango ba. Za mu koma sikanin bayan wata shida, a ci gaba da sa mu a addu'a.