Godiya bayan taron jin bahasin shekara

Assalamu alaikum. Jama'ar gari, na gida da na ci-rani, taro ya tashi lafiya, alhamdu lillahi. Na so in rubuta wannan tun daren Asabar ɗin, sai dai murya ta dishe, ƙafa ta yi tsami, ga bencinan firamare da muka ara, dole a mayar da su aji-aji kafin Litinin. Sai yau na samu kaina. Ina magana ne da yawun ƙungiyar ci gaban garinmu, wadda ta ɗora mini riƙon littafinta. Duk wanda na tsallake ya yafe mini, mantuwa ce, ba raini ba.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya. Ya zauna da mu tun hantsi har la'asar sakaliya, salla kaɗai ta tashe shi. Dagatai, bulamai da limamai, mun gode da shelar da kuka yi ta yi a masallatai da wuraren suna, don ita ta cika filin nan.

Sai Ciyaman da kansilolinsa. Mun daɗe muna aika takarda sakatariya muna roƙon abu guda: a zo a zauna a gaban mutane sau ɗaya a shekara, a faɗi abin da ya shigo da abin da aka yi da shi, da Hausa. Bana aka amsa. Na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya a gaban waɗanda suka san shi tun yana yawo ba wando, su riƙa jefa masa tambaya. Ya tsaya, ya sha, bai fusata ba, ko da wani matashi ya ɗan wuce gona da iri har sai da Dagaci ya yi masa tsawa. Ranka ya daɗe, mun gode, kuma mun rubuta alkawarin da ka yi cewa baɗi ma za a sake.

Wanda ya fi burge ni a ranar shi ne ma'ajin ƙaramar hukuma. Ya ajiye takardarsa ta Turanci, ya ɗauki alli ya je allon da muka jingina da bishiyar darbejiya, ya yi mana lissafi kamar 'yan aji huɗu. Ya ce a kowace naira 100 da ake rabawa daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan naira 20 da kwabo 60 suke rabawa a tsakaninsu, mu kuwa ɗaya ce cikin 27 na Jigawa. Daga nan ya fara cirewa: albashin malaman firamare, na ma'aikatan asibiti, na ma'aikatan sakatariya, fansho, kason masarauta. Ya tuna mana cewa tun da aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, wannan ɓangaren ya ƙara kumbura. Da ya ja layi a ƙasa ya nuna abin da ya rage na aiki, sai filin ya yi tsit. Wani dattijo kusa da ni ya ce, “Ashe tukunyar ba ta kai girman murfinta ba.” Ni dai ban ce komai ya wanku ba, amma aƙalla yanzu idan za mu yi ƙorafi mun san a kan nawa muke yi. Alƙaluman suna nan manne a allon sanarwa na sakatariya, kowa ya je ya duba da idonsa, ya ɗauka a waya.

An yi masa tambaya kan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Ya amsa gwargwadon abin da ma'aikaci zai iya faɗa a bainar jama'a. Mu da muka ga zamanin En'e da ƙuruciya, muka ga gyaran 1976 da ya kawo ƙananan hukumomin da muke da su yau, mun san takarda takan riga aiki isowa da shekaru. Za mu ci gaba da tambaya.

Amma gaskiyar magana, ba don 'yan kan kujera na zauna rubutun nan ba. Na zauna ne don mutanen daren jinga.

Na nesa, bari in ba ku labari, don a waya kawai kuka ji. Kun san yadda ruwanmu yake. Idan damina ta yi albarka a ƙasar Kano, madatsar Tiga da ta Challawa suka cika suka tumbatsa, ruwan ba shi da hanya sai ta Wudil da Ringim ya gangaro mana ta kogin Haɗeja. Da can yakan wuce abinsa zuwa fadamun Nguru. Yanzu ciyawar kacala da yashi sun toshe masa hanyoyi, sai ya tsaya yana neman inda zai ratse, kuma inda ya fi sauƙi shi ne bayan gari. Abin da ya yi mana a 2022 ba wanda ya manta, har yau akwai gidajen da ba su tashi ba. To bana ma ya zo. Kwana uku muna kafa kara a bakin ruwa muna dubawa, kullum da safe karan ya nutse. A dare na huɗu, bayan isha'i, ladan ya ɗauki lasifika ya ce jinga ta fara yoyo ta wajen gonakin shinkafa, duk mai shebur ya fito.

Ban taɓa ganin garin nan ya fito haka ba. Masu shagon taki suka buɗe cikin dare suka zazzage buhunan da babu komai suka miƙo, ba wanda ya tambayi kuɗi. Tifar ƙaramar hukuma ta yi ta jigilar yashi har inda taɓo ya hana ta shiga, daga nan amalanke da kai suka karɓa. Shugaban sashen ayyuka, wanda da yawa a cikinmu muke ce wa ɗan ofis, na gan shi da idona cikin ruwa har ƙugu, ya naɗe riga, ya cije 'yar tocila da haƙora yana nuna inda za a jera buhu. Yaran nan da muke zagi kullum a kan zaman majalisa da kallon ƙwallo, su suka yi layi kafaɗa da kafaɗa suna miƙa buhu hannu da hannu, wani ya zame a tayar da shi a ci gaba. Wajen ƙarfe biyu aka ga maciji ya biyo ruwa, layin ya watse na ɗan lokaci, aka yi dariya, aka koma. Mata kuwa ba wanda ya aike su, sai ga su da bokitan kunu da ruwan zafi a ka, suna lalube cikin duhu. Kiran assalatu ya same mu a kan jingar, ruwa na lasar bakinta amma bai tsallako ba. Wasu gonakin da ke bayanta sun tafi, Allah ya mayar wa masu su da alheri. Gari dai ya tsira.

Da aka zo wannan gaɓar a rahoton shekara, layi ɗaya ne: an tallafa wa aikin jinga da yashi da buhuna. Gaskiya ne, an tallafa, mun kuma gode. Ni na ga ya kamata a faɗi sauran. Direban tifar nan da ya kwana bai runtsa ba, masu kwale-kwalen da suka yi ta kewaya suna duba inda ke yoyo, 'yan sintirin da suka tsare gidajen da aka bari a buɗe, Allah ya saka muku, ya shirya muku zuriya.

Ma'aikatan asibitinmu na sha-ka-tafi, ku ma kun sha damina. Masu bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata a lokacin ruwa, sun shiga lungunan da mashin ba ya shiga, ɗauke da takalma a hannu. Jikata na cikin waɗanda aka ba. Yarinyar da ta zo gidanmu ba ta tafi ba sai da ta narka ƙwayar farko a cokali ta ga an haɗiye, ta nuna wa surukata yadda za ta ba da ta gobe da ta jibi, sannan ta yi alama da alli a ƙofa. Ungozomar asibiti kuwa, mata ne suka ce lallai in ambace ta, don a makon ruwan nan a asibitin ta tare.

Duba-gari, an yi muku tsiya a taron, an ce kun fi zuwa ranar kasuwa. Ni zan faɗi alherinku. Tun 2022 da aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta rabu da bahaya a fili, riƙe sunan ya fi samun sa wuya, musamman inda ruwa ke rusa masai duk shekara. Bayan ruwa ya janye kun bi rijiyoyi kuna zuba magani, kun matsa wa mutane su gyara masansu. Ba a yi amai da gudawa a unguwarmu bana ba, kuma na san da hannunku a ciki.

Batun ruwan sha, a nan ne aka fi tafi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, injin burtsatsen tsakiyar gari ya koma sai ranar da aka yi karo-karo. Bana aka mayar da shi na sola, yanzu da rana ta ɗaga tanki yake cika, yara sun huta da tura kura kafin makaranta. An kuma gyara wasu fanfunan tuƙa-tuƙa. Roƙona ga matasan unguwar: farantan solar nan namu ne, a sa musu ido, a riƙa goge ƙura idan hunturu ya shigo.

To, godiya ba ta hana faɗin gaskiya. Wata gwaggonmu daga ƙauyen gabas, wadda ta taho tun asuba a bayan mashin, ta karɓi lasifika ta ce, “Ɗana, na ji duk abin da ka karanta. Kwalbatin hanyarmu fa? Mai naƙuda a amalanke muke fito da ita.” Ciyaman ya miƙe tsaye ya ce, “Inna, ban manta ba, kuɗinta ya fi ƙarfin abin da ya rage mana bana, amma tana cikin kasafin baɗi.” Ta ce, “Allah ya kai mu, zan dawo.” Na rubuta wannan a littafi da jan biro. Haka na rubuta ajujuwan firamaren da iska ta yaye wa kwano tun farkon damina, yara na zaune a gindin bishiya, alhali wani ɗan kwangila ya zo ya auna ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Haka batun 'yan kasuwa da suka ce ana karɓar kuɗin rumfa wani lokaci ba rasit. Sarkin kasuwa ya ba da shawara mai kyau, cewa kowa ya ƙi biya sai an yaga masa takarda, Ciyaman kuma ya amince a gaban kowa. Kuma ba a ba mata lokaci yadda ya kamata ba, wannan laifinmu ne mu masu shirya taro, mun bar maza sun cinye awannin safe. Baɗi da mata za a fara.

'Yan'uwanmu na Kano, Kaduna, Abuja da Legas da suka turo gudummawa, da ita aka yi hayar rumfuna da janareta, aka sayi ruwa. Lissafin yana wurin ma'ajin ƙungiya, za a karanta a zaman wata. Hedimasta da ya ba mu fili, matan da suka kwana suna dafa shinkafa da wake, mai zoɓon da ta ƙi karɓar ko kwabo, ɗalibin da ya riƙe wayarsa awa shida yana haska taron a Facebook don na nesa har hannunsa ya sage, Allah ya biya ku. Waɗanda suka rasu a cikinmu tsakanin bara da bana, Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makoma.

An tsinci hula zanna ɗaya, da makullin mashin mai jan zare, da takalmin yaro ƙafar hagu, suna gidan Dagaci. Sannan shebur uku na sashen ayyuka ba su koma ba tun daren jinga, wanda suke hannunsa ya taimaka ya kai sakatariya, ba za a tambaye shi komai ba. Aikin gayyar ƙara wa jinga tsayi kuma an tsayar da shi Asabar ta biyu bayan an gama yankan shinkafa, tun ƙasa na da danshi. A zo da buhu.

Wassalam. Naku, magatakardan ƙungiya.