Labarin da Ya Zo Daidai: Yaushe Ji Yake Zama Sani?

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa yana rumfarsa a Farin Gada, ya gama ɗaure kayan gwari zai kai Bukuru, sai saƙo ya shigo wayarsa daga yayansa cewa an rufe hanya a Dadin Kowa, kada ya bi ta can. Yayan mutum ne mai gaskiya, bai taɓa yi masa ƙarya ba, saboda haka ya yarda ya sake hanya. Abin da su duka biyun ba su lura da shi ba shi ne saƙon tsoho ne, tun bara aka rubuta shi, wani ne ya tono shi ya sake turawa. Amma a wannan safiyar, bisa katari, wata tirela ta faɗi a Dadin Kowa ta toshe hanyar. Abin da ɗan kasuwar ya gaskata gaskiya ne, kuma yana da dalili mai kyau na gaskata shi. Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce ko za a iya cewa ya san an rufe hanyar.

Yawancin waɗanda na yi wa wannan tambaya a nan Jos sukan ce bai sani ba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Wannan amsa mai sauƙin faɗa ta hana masana falsafa sakat fiye da shekara sittin, musamman masu bin tafarkin da ya samo asali daga aikin Gottlob Frege a Jamus da Bertrand Russell da G. E. Moore a Ingila, wato tafarkin feɗe magana, inda ake ɗaukar da'awa ɗaya a bi sharuɗɗanta daki-daki da ma'aunin mantiƙi. Kafin 1963, da yawansu sun gamsu cewa sani yana da sharuɗɗa uku: abin ya zama gaskiya, mutum ya gaskata shi, kuma ya kasance yana da hujja. Tunanin yana da tsohon tarihi, domin tun a zamanin Girkawa Aflatun ya tambayi bambancin wanda ya san hanyar garin Larisa da wanda ya yi zato kuma zatonsa ya dace, tunda dukansu za su kai ka garin. A 1963 sai wani matashin malami a Jami'ar Wayne State ta Amurka, Edmund Gettier, ya buga maƙala mai shafi uku kacal, ya kawo misalai biyu da suka cika sharuɗɗan nan uku amma ba wanda zai kira su sani. Russell ma ya riga ya ba da misalin mutumin da ya dubi agogon da ya tsaya, ya yi sa'a lokacin ya yi daidai da inda hannun agogon ya maƙale.

Gyaran farko da aka kawo shi ne a ƙara sharaɗi na huɗu, cewa kada a bi ta kan ƙarya a isa ga gaskiya. Wannan ya warware labarin ɗan kasuwarmu, domin ya gina yardarsa a kan zaton cewa saƙon na yau ne, alhali ba haka ba ne. Sai dai gyaran bai daɗe ba. A 1976 Alvin Goldman ya yaɗa wani misali da ya samo daga Carl Ginet: mutum yana tuƙi a ƙauye, ya hango rumbu a gefen hanya, ya ce ga rumbu, kuma rumbun na gaske ne. Amma yankin cike yake da allunan da aka zana su yi kama da rumbu, kuma wannan ɗaya ne kawai na gaske a cikinsu. Idonsa lafiya lau, bai bi ta kan wata ƙarya ba, duk da haka da ya waiga daƙiƙa kaɗan kafin nan ko bayan nan da ya faɗi magana iri ɗaya a kan allo. A 1994 Linda Zagzebski ta nuna cewa ana iya ƙera irin waɗannan misalai ga kusan kowane gyara: a sa rashin sa'a ya raba hujja da gaskiya, sannan a sa sa'a ta sake haɗa su. Shi kuwa Timothy Williamson na Jami'ar Oxford, a shekarar 2000, cewa ya yi a daina wahalar tsaga sani gida-gida, a ɗauke shi a matsayin tushe, a riƙa bayyana hujja da yarda ta hanyarsa.

A cikin duk wannan muhawara misalin rumbu ne ya fi tsaya mini a rai, domin yana nuna cewa sanin mutum bai dogara ga hankalinsa da gaskiyar mai ba shi labari kaɗai ba, har da irin muhallin da yake ciki. Wanda ya zauna a Jos tun daga rikicin Satumbar 2001, ya ga na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010, ya san yadda ji-ta-ji-ta ke rufe kasuwa kafin azahar. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin yankin Gashish a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, hotuna masu tayar da hankali sun yi yawo a Facebook, kuma binciken da BBC ta fitar a ƙarshen shekarar ya nuna cewa wasunsu ba su da alaƙa da abin da ya faru, har da wanda aka ɗauka a wata ƙasa shekaru kafin nan. Ɓarnar da kowa ke gani ita ce an gaskata ƙarya. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika ambata ba: idan saƙonnin ƙarya suka yi yawa a cikin waya, saƙon gaskiya ma yakan kasa zama sani ga wanda ya karɓe shi, domin da na ƙarya ne ya iso da haka zai karɓe shi. Masu ƙirƙirar labari suna ɓata wa masu gaskiya shaidarsu ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Masana irin su Regina Rini da Don Fallis sun yi irin wannan bayani a kan bidiyon bogi da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, inda suka nuna cewa yawaitarsa tana rage ƙarfin bidiyon gaske a matsayin hujja.

Wani zai ce maganin abin yana cikin karin maganarmu, gani ya kori ji. Amma idan muka ƙirga abin da muka gani da idonmu za mu tarar bai taka kara ya karya ba. Ba wanda ya shaida ranar haihuwarsa da hankalinsa, kuma kaɗan ne daga cikin masu karanta wannan rubutu suka auna nisan Jos zuwa Abuja ko suka gwada abin da ke cikin maganin da likita ya rubuta musu. Wannan ya sa shaidar wasu ta zama babban fage a falsafar sani ta zamani. Saɓanin da ake yi a wannan fage ya koma ga mutum biyu 'yan Sikotilan na ƙarni na 18. Ana jingina wa David Hume ra'ayin cewa ba mu da ikon yarda da mai magana sai mun tara dalili daga gogewa cewa irin maganarsa takan zo daidai. Thomas Reid kuwa yana ganin an halicci mutum da ɗabi'ar faɗin gaskiya da ɗabi'ar yarda, don haka asali shi ne a yarda sai in an ga dalilin shakka. Hujjar Reid mai ƙarfi ita ce yaro, wanda ba zai koyi ko sunan abinci ba idan sai ya binciki mahaifiyarsa. A ganina Reid ya yi daidai a zaure, inda kana ganin fuskar mai magana kuma gobe za ka iya tuhumarsa, amma Hume ya fi kusa da gaskiya a waya, inda wanda ka amince da shi sau da yawa ba shi ne mai maganar ba, isarwa kawai ya yi.

A nan duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai ji abin bai zame masa baƙo ba. Malaman wannan fanni sun raba matani, wato ita kanta maganar, da isnadi, wato sarƙar masu ruwaito ta, kuma a kan mai ruwaya sun raba adalci da kiyayewa, domin mutumin kirki yana iya zama mai mantuwa ko mai karɓa daga kowa. Sukan ce ma'anar magana ingantacciya ce amma isnadinta mai rauni ne, wanda yake kusa da cewa abu ya zo daidai ba tare da ya zo ta hanyar da ke tabbatar da shi ba. Ba ina cewa sun riga Gettier ba ne, domin tambayarsu daban ce da tasa, amma kayan aikinsu suna da amfani a nan. Yayan ɗan kasuwarmu adali ne, sai dai bai kiyaye ba, kuma sarƙar da ke bayansa a yanke take. Haka nan labari mutawatiri yana samun ƙarfinsa ne daga yawan mutanen da ba zai yiwu su haɗu a kan ƙarya ba, a kowane mataki na sarƙar. Saƙon da ka gani a zaurukan WhatsApp goma, alhali daga waya ɗaya ya fito, shaida ɗaya ce. Ludwig Wittgenstein ya taɓa yin ba'a da mutumin da ya sayi kofe da yawa na jarida ɗaya don ya tabbatar da labarin da ke cikinta.

Akwai haɗari a ɗaya ɓangaren, kuma shi ne wurin da nazarin sani ya haɗu da nazarin ɗa'a. Idan mutum ya gane muhalli ya gurɓace, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce daga yau ba zai yarda da kowa ba sai nasa. A 2007 Miranda Fricker ta yi bayanin wani nau'in zalunci da ake yi wa mutum a matsayinsa na mai sani, wato a rage wa maganarsa nauyi saboda ƙabilarsa, ko jinsinsa, ko matsayinsa, ba saboda an taɓa kama shi da ƙarya ba. A garin da unguwanni suka rabu bisa addini kamar namu, wannan ba ya buƙatar dogon sharhi. Mutumin Unguwar Rogo da mutumin Tudun Wada kowannensu yana da abin da ya gani wanda ɗayan bai gani ba, kuma idan kowa ya toshe kunne ga ɗan uwansa, an zalunci mai magana, shi ma mai sauraro ya yi asarar shaida guda da za ta iya gyara masa kuskure. Amincewa da naka ba tare da bincike ba da ƙin amincewa da wanda ba naka ba duk suna auna mai magana da abin da ba shi da alaƙa da ingancin labarinsa.

Saura tambaya mai wuya, wadda ban ga an gama da ita ba. Uwa ta ji an ce hankali ya tashi kusa da makarantar ɗanta, ba ta da hanyar tabbatarwa, shin sai ta jira ta sani kafin ta je ta ɗauko shi? Ba mai hankalin da zai ce haka. Tun a 1877 W. K. Clifford ya yi iƙirarin cewa laifi ne a ko'ina mutum ya gaskata abu ba tare da isasshiyar hujja ba, ya kawo misalin mai jirgin ruwan da ya lallashi kansa cewa tsohon jirginsa lafiya yake, kuma ya ce laifinsa yana nan ko da jirgin ya isa lafiya. Amma uwar nan ba ta buƙatar gaskata labarin kafin ta yi rigakafi, yiwuwarsa kaɗai ta isa, domin asarar zuwa a banza ƙarama ce idan aka gwada ta da asarar ƙin zuwa. Abin da ke buƙatar sani shi ne furtawa. Williamson yana cikin masu cewa ƙa'idar tabbatar da magana ita ce kada ka faɗi abu a matsayin tabbas sai ka san shi, kuma alamar hakan ita ce duk wanda ya ce abu kaza ya faru ana iya tambayarsa yadda aka yi ya sani, ba kuma zai ce tambayar ba ta dace ba.

Daga nan ne masana suka shiga muhawarar ko tura saƙo furtawa ce. Mai turawa yakan kāre kansa da cewa yadda ya samu haka ya tura, kuma tun 2018 WhatsApp yana sa alama a kan saƙon da aka isar, abin da ke ƙara masa mafaka. Rini ta lura cewa mai turawa yana cin riba biyu, idan labarin ya tabbata ya ce shi ya fara faɗa, idan ya ƙaryata ya ce ba maganarsa ba ce. Ni dai ina ganin hukuncin yana bin abin da mai karɓa zai fahimta. Ɗan kasuwar Farin Gada bai sake hanya saboda wani baƙon marubuci ba, ya sake ne saboda sunan yayansa da ke saman saƙon, kuma yayan ya san da sunansa za a auna maganar. Da ya ƙara layi ɗaya ya ce bai tabbatar ba, a tambayi direbobin da suka fito daga Bukuru, da ya miƙa wa ƙanensa zato a matsayin zato, shi kuma ƙanen ya yanke shawarar ko asarar zagaye ta fi asarar tsayawa yin tambaya a tasha.