Godiya ga mutanen garinmu da suka girbe gonar Baba

Assalamu alaikum. Jiya da yamma aka sallamo mahaifinmu daga asibiti bayan kwana 23. Yanzu yana gidana a nan Kano, yana iya zama da kansa, bakin ma ya fara sakuwa. Alhamdu lillahi. Bashin godiya ya taru mini, ƙafata kuma ba za ta kai kowane gida ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, wanda ya gani ya isar wa wanda ba ya riƙe waya.

A gona Baba ya yanke jiki ya faɗi, hawan jini ya taɓa masa ɓarin dama. Garinmu ɗan ƙarami ne tsakanin Kura da Garun Malam, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba dutse, mai tafe kana hango shi tun yana nesa. Da haka wani yaro mai kiwo ya ga faɗuwarsa, ya bar dabbobinsa ya sheƙa gari. Samari biyu suka ɗauko shi a babur, ɗaya na tuƙi ɗaya na tallafe da shi, har bakin titin Zariya. Direban da ya tsaya musu ko kwabo bai karɓa ba, kuma har yau ban san sunansa ba. Allah ya san shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar shinkafa. Ta nuna daidai lokacin da muke kwance a asibiti, shinkafa kuwa ba ruwanta da jinyar mai gona. Ka bar ta ta wuce lokaci, ta zube, abin da ya rage jan baki su yi biki. Kuma a yankinmu, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya riƙa biyo kanal zuwa Kadawa, ƙasa ba ta hutu. Ana kwashe shinkafa ake gyaran wurin tumatir ko alkama, wanda ya makara ya yi asara biyu. Ni ɗan Kantin Kwari ne, yadi na iya aunawa, rabona da lauje tun ina firamare. Na riga na sallama amfanin bana.

Ashe Malam Liman, Allah ya gafarta masa, ya tsayar da jama'a bayan sallar Isha ya ce gonar wane ba za ta lalace muna kallo ba. Mai Gari, ranka ya daɗe, kai ka sa rana. Da kaka ce fa, kowa tasa gonar ta sha masa kai, 'yan ƙwadago sun yi wuyar samu, amma aka kira gayya, wadda ni a zatona ta mutu tun zamanin kakanni. Maza suka yanke, aka shimfiɗa tamfol aka buga a jikin ganga, mata suka yi shiƙa suka dama kunu da geron gidajensu, aka ɗora buhuna a amalanken shanu. Kwana biyu, an gama. Babu wanda ya kira ni ya tambayi kuɗin goro. Sai hoton buhunan kawai na gani a waya, ina tsaye a layin karɓar magani, na rasa inda zan sa fuskata.

Akwai maƙwabcinmu na gona da suka shekara suna jayayya da Baba a kan iyaka, har gaban Mai Gari. An ce shi ya fara isa, da 'ya'yansa uku da laujensu. Maƙwabci, ba zan kama sunanka ba don na san ba za ka so ba. Kunya dai ka ba mu, mun kuma karɓa.

Kawu, Allah ya saka da alheri da ka ƙi sayarwa. Masu saye sun zo da kuɗi a hannu, sun san muna cikin matsi kuma farashi a kwance yake da kaka, ka ce a jira mai abu ya tashi. Inna da ke kwana a kan tabarma a gindin gadonsa, ban da bakin gode miki. 'Yan layinmu a kasuwa da suka riƙa buɗe mini shago, maƙwabta da kwanon abincinsu bai yanke ba, likitoci da ma'aikatan jinya, Allah ya biya ku.

Maganar farko da Baba ya yi muka fahimta sarai ita ce, "An fitar da zakka?" Na ce Kawu ya fitar. Ya ce, "An kai wa mutane goro?" Na yi shiru. To ranar Asabar in sha Allahu ina tafe da goron. Masu son duba shi, bayan La'asar ya fi, kuma don Allah kada a kawo abinci mai gishiri, likita ya hana.