Yadda muke karanta baƙin akwati idan fukafukin jirgi sun daina ɗaukarsa

Akwatin da ake ce wa baƙi launinsa ruwan lemo ne, kuma guda biyu ne: ɗaya na naɗar bayanan tafiya na awa 25 na ƙarshe, ɗaya na naɗar sauti a ɗakin matuƙa. Buɗe su aikin hukumar binciken haɗari ne. Ƙaramin kamfani irin namu sai daga baya yake shigowa, a miƙa mana ɗanyen fayil mu mayar da shi abin da ido zai iya karantawa.

Fayil ɗin lambobi ne zalla. A tsarin ARINC 717, wato ƙa'idar rubuta bayanan tafiyar jirgin sama, lambobin suna zuwa rukuni-rukuni da ake kira kalma; kowace kalma bit 12 ce, wato sifili ko ɗaya guda 12, ana rubuta kalma 64 zuwa 1024 a daƙiƙa, zubin kuma yana maimaita kansa duk bayan daƙiƙa huɗu. Dole a sami takardar da ke nuna wace kalma ce tsayi, wace ce gudu. A nan ake yawan tafka kuskure. In takardar ta wani jirgi ce mai kama da wanda ya yi haɗarin, sai alama ta juye, ɗaga hanci ya fito a matsayin sunkuyarwa. Shi ya sa muke fara gwaji da tafiyar da jirgin ya yi lafiya kafin haɗarin.

Idan fukafukin jirgi sun daina ɗaukarsa, mutane kan zaci inji ne ya mutu. Sam ba haka ba ne. Kusurwar da iska ke tarar fiffike ce ta wuce kima, iskar ta rabu da samansa, ƙarfin ɗagawa ya zube. Don haka wannan kusurwa muke fara zanawa, sannan matsayin hanci, motsin sandar matuƙi, ƙarfin inji da saurin gangarowa, duk a kan agogo ɗaya. Sautin matuƙa kuwa, da lokacin da aka danna rediyo ake daidaita shi da bayanan.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne tantance lambar da za a yarda da ita, domin akwati abin da na'ura ta faɗa masa yake rubutawa, ko gaskiya ko ƙarya. A jirgin Air France 447, Airbus A330 da ya faɗa Tekun Atlantika ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228, ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu. Daga baya, duk sanda gudun da aka auna ya gaza kimanin kilomita 110 a awa, sai kwamfuta ta yi watsi da ma'aunin kusurwar, ƙararrawar da ke gargaɗin cewa fukafukai sun daina ɗaukar jirgin ta yi shiru. Da matuƙi ya sunkuyar da hanci, wanda shi ne daidai, sai ƙararrawar ta dawo. Mai gaggawa zai ga shirun ya ce jirgin ya farfaɗo, alhali faɗuwa yake yi.

Saboda haka kowane ma'aunin gudu sai mun gwada shi da gudun ƙasa na GPS da bayanan iskar ranar kafin ya shiga rahoto.