Shekara tara a ƙarƙashin mota a Magazin

Ranar Asabar da ta wuce na ɗauke akwatin kayan aikina daga shagon Masta a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, na ɗora a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zuwa ɗan filin da na kama a Aboabo. Shekara tara ke nan tun ranar da Kawu ya tasa ni gaba, da ƙwaryar goro da kiret biyu na lemo da kuɗin shiga, ya ce, "Alhaji, ga amana na kawo maka. In ya yi ba daidai ba ka hukunta shi, ba sai ka neme ni ba." Masta kuwa ya riƙe wannan magana ta ƙarshe hannu bibbiyu.

Wanda ya san Magazin ba sai an ba shi labarin shekarar farko ba, wankin notuna da fetur da miƙa sifana. Wannan kowa ya sha. Abin da ban gane da wuri ba shi ne aiken koko. Duk ranar da aka zo ɗaure kan inji ko saita taimin, sai Masta ya laluba aljihu ya ce, "Kai, je ka sayo mini koko da ƙosai," ko ya tura ni layin masu kayan gyara in tambayo farashin abin da ya riga ya sani. Kafin in dawo an gama, ana goge hannu. Shekara uku ina wannan sintiri, ina ganin kamar yarda ce ta sa ni kaɗai ake aika.

A 2015 ne abin ya faru, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya hana kowa sakat. Wani direba mai jigilar Kumasi zuwa Tamale ya kawo Sprinter ɗinsa, ta yi zafi ta ƙone gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Muka sauke kan injin muka kai wurin masu gogewa, sai wuta ta ƙi zuwa har kwana biyu. Direba ya tare a kan bencinmu, kullum lissafi yake mana na kuɗin da zai kai wa mai mota. Ranar Juma'a da hantsi aka dawo da kan. Masta yana da adu'ar arba'in a Tafo bayan masallaci, ya ce wa babban yaron shago a gama kafin magariba. Shi kuma da Masta ya ba da baya sai ya dube ni ya ce, "Ai ka gani sau ɗari, ɗaure kawai, ina zuwa." Na tambaye shi tsofaffin notunan fa? Ya ce a mayar da su, haka ake yi.

Ban taɓa gani ba ko sau ɗaya. Amma akwai ƙananan yara biyu a wurin suna kallona, ga direba, sai bakina ya yi nauyi. Na fara daga wannan gefe na bi layi har wancan gefe, na zura bututu a sifana na danna da iya ƙarfina, don a tunanina ƙarfi shi ne aiki. Mota ta tashi lafiya lau. Direba har ya saya mini wake da shinkafa.

Asabar da asuba ya yi lodi. Ya wuce Offinso, wajen Akomadan farin hayaƙi ya fara fita ta salansa, ruwan lagireto ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Maimakon ya tsaya sai ya ci gaba da lallaɓawa har inji ya ƙame. Fasinjoji, yawancinsu mata da kayan kasuwa, suka wuni a bakin titi cikin gonakin tumatir. Da dare aka jawo motar.

Litinin da safe Masta ya tara kowa, har da maƙwabta. Bel ɗin fanka ya ɗauka. Dukan bai dame ni ba kamar tambayar da ya yi ta maimaitawa: "Wa ya koya maka haka? Wa ya koya maka?" Amsar tana bakina, ba wanda ya koya mini komai, amma ba a faɗa wa Masta haka a gaban mutane, balle mutumin da muke sahu ɗaya da shi kullum azahar. Babban yaro ya rantse cewa shi ya ce in jira shi. Aka kira Kawu ya ba da haƙuri. Mma ta sayar da atamfofinta da take ajiya don bikin ƙanwata, aka biya rabin kuɗin injin hom yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje. An yanke mini kuɗin abinci wata shida, aka ƙara mini shekara guda kafin yaye. Babban yaro ko tsawa ba a yi masa ba.

Bayan kamar mako biyu wani dattijo Ba'asante mai injin gogewa, wanda shi ya goge kan, ya kira ni da hannu. Da Twi ya yi mini bayani, yana zane da alli a jikin kwali. Ya ce kan wannan inji na alminiyam ne, ba ya jure a danne gefe guda a bar ɗaya, lanƙwashewa yake. Daga tsakiya ake farawa ana zagayawa zuwa waje, kuma ba a zama ɗaya ba, hawa-hawa, da sifana mai awon ƙarfi wadda ake kira tok, sannan a ƙara juyawa da kusurwa yadda littafin motar ya faɗa. Notunan kuma irin masu miƙewa ne, dole a auna tsawonsu, wanda ya wuce ƙa'ida a jefar. Ya ce shi ma a wurin mutanen ITTU ya koyi awo, cibiyar da jami'ar KNUST ta buɗe a cikin Magazin tun 1980 don ilimin injiniyoyi ya iso hannun masu aikin. Minti goma bai cika ba ya gama. Minti goman nan aka yi shekara uku ana aike na koko a kansu.

Yanzu da na girma na san dalili. Yaron da bai iya ɗaure kan inji ba ba ya tafiya, yana nan yana aikin da ba a biyansa. Wanda ya iya kuwa gobe zai buɗe nasa, direbobi su bi shi. Shi ma Masta haka aka yi masa, ya sha faɗa da bakinsa cewa sana'a satarta ake yi da ido. To, na ji. Sai dai ido ba ya satar abin da aka kore shi daga wurinsa. Ni ma ina da nawa laifin, ban ɓoye ba: da na buɗe baki na ce ban iya ba, da atamfofin Mma suna nan. Amma wanda ya karɓi goro da kuɗin shiga ya yi alkawarin koyarwa, nasa ya fi nawa nauyi, ko da ba a rubuta a takarda ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Na sayi littafi ina rubuta awon kowane inji da ya ratsa hannuna. Tsohon kayan da ka cire ka miƙa wa mai mota a hannunsa. Abin da direba ya ce ya faru ka saurara, amma ka duba da kanka. Na je na yi jarrabawar sana'a ta NVTI, cibiyar koyar da sana'a ta gwamnati, a ɓoye, da Masta ya ji ya yi dariya ya ce takarda ba ta kwance noti, sai ga shi da aka zo neman makaniken da zai kula da motocin wata makaranta, takardar aka fara tambaya. Na'urar kwamfuta ta duba mota kuwa wani ƙaramin yaro ne ya koya mini, ban ji kunyar zama a gabansa ba.

Ranar sallama an yi fatiha, an raba goro. Masta ya dafa kafaɗata ya ce wa jama'a, "Duk abin da yaron nan ya sani, a hannuna ya same shi." Na durƙusa na ce, "Haka ne, Masta. Allah ya saka da alheri." Kawu ya dube ni, na kau da kai.

Yara biyu za su fara a wurina ranar Litinin, ɗaya daga Asawase, ɗaya ɗan maƙwabcinmu. Abin da na fara saya da kuɗina shi ne tok. Jiya babban yaron nan, wanda har yau yana shagon, ya bugo mini waya wai in ara masa, suna da Sprinter a ƙasa. Na ce ya turo ƙaramin yaronsu ya karɓa, amma kada ya jira shi da wuri, don sai yaron ya zauna na nuna masa a jikin kwali tukuna.